Yadda Ake Zaɓen Tayar A/T ga Motar da Ke Bin Kwalta da Burji a Kullum

Masu karatu da dama, musamman masu Toyota Hilux da Prado da Mitsubishi L200, sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: wace taya ce ta dace da motar da ake zuwa aiki da ita daga Litinin zuwa Juma'a, sannan ranar Asabar a ɗora mata buhunan taki a nufi gona ta hanyar burji? Amsar da aka saba bayarwa ita ce a sayi taya mai alamar A/T, wato wadda aka ƙera domin kwalta da daji gaba ɗaya. Amsar daidai ce, sai dai ba ta wadatar ba, domin tayoyin A/T iri-iri ne, kuma mafi yawan waɗanda suka yi da-na-sani sun sayi wadda ta fi buƙatarsu girma da nauyi da manyan haƙora ne. A wannan jagora za a ɗauki Hilux mai taya 265/65R17 a matsayin misali, amma matakan sun shafi duk motar da ke jan ƙafa huɗu.

Kafin a fara, a tanadi gejin iska na kai, da tocila, da takarda da biro, da littafin motar idan yana nan.

1. Tantance hanyar da kake bi

Zauna ka rubuta tafiye-tafiyenka na wata guda, ka raba su gida uku: kwalta, da burji ko gargada, da kuma taɓo ko rairayi mai zurfi. Abin da ake so a rubuta shi ne inda motar take zuwa a zahiri, ba inda kake burin kai ta wata rana ba.

Idan kwalta ce kusan duka, kuma burjin da kake shiga bai wuce layin unguwa ba, tayar H/T ta kwalta ta ishe ka, kuma ta fi shiru da sauƙin mai. Idan kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na tafiyarka a kan burji da tsakuwa da hanyar gona ne, to nan ne gurbin A/T. Ita kuwa M/T, mai manyan haƙora, ta wanda aikinsa ke cikin laka ce duk damina, kamar mai shiga fadamun Haɗeja ko baƙar ƙasar firgi ta Borno bayan ruwa ya sauka.

Gargaɗi: kada kyawun M/T ya ja ka idan motarka ta zirga-zirgar yau da kullum ce. A kan kwalta tana ƙugi, tana saurin cinyewa, tana ƙara shan mai, kuma abin da ya fi muni shi ne ba ta kama birki da kyau a jiƙaƙƙiyar kwalta, saboda robar da ke taɓa ƙasa ba ta da yawa. Mutumin da ke bin titin Kano zuwa Kaduna cikin ruwan Agusta ya fi buƙatar birki fiye da haƙoran da zai yi amfani da su sau ɗaya a shekara.

2. Karanta girman daga jikin mota

Buɗe ƙofar direba, ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa, za ka ga wata takarda a manne mai ɗauke da girman taya da yawan iskar da kamfani ya tsara. Idan ta goge ko an yi fenti a kanta, bayanin yana cikin littafin mota. A lamba irin 265/65R17, 265 faɗin tayar ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne a matsayin kashi 65 cikin ɗari na faɗin, R na nufin irin saƙar wayoyin cikinta, 17 kuma girman wili ne a inci.

Gargaɗi: kada ka kwafi lambar daga tayar da ke jikin motar yanzu, musamman idan motar ta hannu ce. Mai yiwuwa wanda ya riƙe ta kafin kai ya sa abin da ya samu ne a kasuwa.

Da yawa suna son ƙara girma, don haka yana da kyau a ga lissafin. Tsayin taya 265/65R17 gaba ɗaya kusan milimita 776 ne, na 265/70R17 kuma kusan 803. Bambancin milimita 27 ne, amma rabinsa kawai motar za ta ɗaga daga ƙasa, wato kusan milimita 13. A madadin wannan ɗan tashi, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da yadda ya saba da kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari, motar za ta ɗan yi nauyin tashi, birki zai ƙara aiki, kuma tayar tana iya gogar madigadi idan an karya sitiyari gaba ɗaya ko an faɗa rami da kaya. Haka nan sai ka tabbatar safaya mai wannan girman za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. A ganina, ga motar kullum, tsayawa kan girman kamfani shi ne daidai. Wanda ya nace sai ya ƙara, kada ya wuce mataki ɗaya, kuma ya sa a ɗaura taya guda a gaba a gwada karya sitiyari hagu da dama kafin ya biya kuɗin sauran.

3. Zaɓi ƙarfin ɗaukar kaya da irin ginin tayar

Wannan mataki ne ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, kamar 112S ko 112T. Lambar tana nuna nauyin da taya guda za ta iya ɗauka idan an cika mata iskar da ta dace: 110 na nufin kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 115 kilo 1,215, 120 kuma kilo 1,400. Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci, ba a sayen taya mai lambar da ta gaza wadda ke kan takardar ƙofa.

Sannan akwai ginin tayar. Iri na farko shi ne na motocin fasinja, wanda ko dai lambarsa ta fara da P ko kuma babu harafi a gabanta. Iri na biyu lambarsa tana farawa da LT, kamar LT265/65R17, kuma an gina shi da gefe mai kauri domin kaya da hanya mara kyau. Tayoyin LT suna da matakai: C daidai yake da abin da masu faci ke kira filai 6, D filai 8, E kuma filai 10. Wannan ƙidaya ma'aunin ƙarfi ce kawai, ba wai akwai shimfiɗu goma a cikin tayar ba. Ainihin yawan shimfiɗun gefe da na tafin tayar yana rubuce da ƙananan haruffa a gefenta, kuma a nan ne za ka ga ko gefen mai shimfiɗa biyu ne ko uku.

Dalilin da ya sa gefen taya ya zama abin dubawa a ƙasarmu shi ne irin abin da ke kashe ta. Duk wanda ya taɓa ratsa gona bayan girbi ya san kututturen dawa da aka sare a karkace, wanda ya bushe ya yi tsini, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da kuma kaifin bakin kwalta inda ruwa ya zaizaye gefen titi. Waɗannan ba tafin taya suka fi illatawa ba, gefe suke yagawa, kuma gefen da ya yage ba shi da faci mai aminci. Hudar ƙusa a tafi ana toshe ta a ci gaba da tafiya, amma tsaga a gefe tana nufin sabuwar taya.

Duk da haka, kauri yana da nasa farashin. Tayar LT mai matakin E ta fi ta fasinja mai girma ɗaya nauyi da wasu kilo, kuma wannan nauyi yana kan kowace ƙafa, yana wahalar da shokozoba, yana ƙara shan mai a cunkoson gari. Idan motar ba kaya, za ka ji kowane rami a bayanka. Saboda haka ga yadda nake ba da shawara. Mai Prado ko Hilux da yawanci mutane yake ɗauka, kuma burjinsa mai ɗan kyau ne, ya tsaya a A/T irin ta fasinja, ko mai alamar XL da ta ɗan fi ƙarfi. Mai shiga gona da daji duk mako, wanda yakan ɗauki matsakaicin kaya, LT mai matakin C ko D ta fi masa, idan ana samunta a girman motarsa. Matakin E na wanda kullum bayan motarsa a cike yake ne, ko mai jan tirela, ko mai doguwar tafiya a duwatsu irin na yankin Agadez inda mai faci yake da nisa.

Gargaɗi na farko: tayar LT tana buƙatar iska fiye da ta fasinja kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Wanda ya koma LT ya ci gaba da sa iskar da ke kan takardar ƙofa yana iya barin tayar tana tafiya a tauye, ta yi zafi daga ciki. A nemi dila ya duba jadawalin iska da nauyi na kamfanin tayar. Haka kuma lambar psi (ma'aunin ƙarfin iska) 50 ko 65 ko 80 da ke gefen tayar iyaka ce, ba ita ake sa wa mota mara kaya ba.

Gargaɗi na biyu: taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Nauyin da Hilux mai ƙofa huɗu ke iya ɗauka bai cika wuce tan ɗaya ba, har da nauyin mutanen da ke ciki, wato buhu 20 na taki mai kilo 50 ya riga ya kai ta maƙura tun direba bai shiga ba. Sifirin da aksul da birki suna nan yadda kamfani ya yi su.

4. Duba harafin gudu da juriyar zafi

Harafin da ke bayan lambar nauyi yana nuna iyakar gudu: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Ba don a yi wannan gudun ake duba shi ba, sai don yana nuna yadda tayar ke jure zafin da ke taruwa a cikinta, abin da ya shafe mu ƙwarai a watannin Maris zuwa Mayu. A tsaya kan harafin da kamfanin mota ya rubuta ko sama da shi. Tayoyin fasinja da yawa suna kuma da makin zafi na A ko B ko C a gefensu, kuma A ce ta fi juriya. A yanayinmu a nemi A ko B. Tayoyin LT galibi ba sa ɗauke da wannan maki, don haka rashinsa a kansu ba aibi ba ne. Alamar dutse mai ƙololuwa uku da ake gani a wasu tayoyi ta ƙasashen dusar ƙanƙara ce, kada a ƙara maka kuɗi saboda ita.

5. Kwatanta zanen tayar da hannunka

Yanzu ne ake zancen suna. A/T ta kasu kusan gida biyu. Akwai masu karkata ga kwalta, irin su Yokohama Geolandar A/T G015 da Bridgestone Dueler A/T da Dunlop Grandtrek, waɗanda haƙoransu ke kusa da juna, suna da shiru da kama jiƙaƙƙen titi. Akwai kuma masu karkata ga daji, irin su BFGoodrich All-Terrain T/A KO2 da Falken Wildpeak A/T3W da Toyo Open Country A/T III, masu zurfin zane da kafaɗa mai haƙora da ke gangarowa gefe. Lissafin da ka yi a mataki na farko shi ne zai nuna maka gidan da za ka shiga.

A shago, sa yatsa a cikin zanen. Nemi ƙananan tsage-tsage a saman kowane haƙori, domin su ne ke taimaka wa birki a kan ruwa, sannan ka duba ko akwai hanyoyin da ruwa zai bi ya fita ta gefe. Duba ƙasan ramukan zanen ko akwai ƙananan tudun roba masu tunkuɗo tsakuwa, saboda a hanyar burji tsakuwar da ta maƙale tana nutsewa a hankali har ta kai ga wayoyin ciki. Ga mai yawan shiga rairayi, manyan haƙora ba su ne mafita ba, tono suke yi motar ta kafe. Rage iska ne ke fitar da mota a rairayi.

Abu na ƙarshe a nan shi ne samuwa. Taya mai kyau da ba za ka sami irinta a garinku ba ranar da guda ta fashe za ta tilasta maka gauraya iri biyu. Tambayi dila ko yana kawo wannan samfurin a kai a kai.

6. Binciki kowace taya kafin ka biya

A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar ƙira: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Misali, 1524 na nufin mako na 15 na shekarar 2024. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take, don haka a juya tayar. Duba dukkan tayoyin ɗaya bayan ɗaya, kada ka yarda da wadda aka nuna maka kawai. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana faɗakar da direbobi a Najeriya cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira, don haka tayar da ta shekara biyu a shago ta riga ta ci rabin wa'adin da za a duba ka da shi a hanya. Nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba. Idan wurin lambar ya yi kama da an kankare ko an liƙa wata roba a kai, ka bar ta.

Haska tocila cikin tayar ka zagaya. Bai kamata a ga faci ko tsaga ko lanƙwasa ba. Shafa bakin da ke kama wili, ka tabbatar a miƙe yake. Wasu masu shigo da kaya suna cusa tayoyi cikin juna domin rage kuɗin dako, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kamawa, kuma tayar da aka yi wa haka wayoyinta suna karyewa daga ciki ko da waje yana ƙyalli. Tayar da aka jibge a rana har ta yi fari-fari ko ta fara tsattsagewa ma ba ta saye ba ce.

Gargaɗi: tayar gwanjo tana da arha, amma ba ka san ko an taɓa tafiya da ita ba iska ko an yi mata lodin da ya wuce kima ba, kuma tana cikin kayan da aka hana shigo da su Najeriya. Ga motar da ke ɗaukar iyali a babban titi, ban ga hujjar sayenta ba. A karɓi rasit mai ɗauke da samfuri da girma da lambar ranar ƙira.

7. Lissafa kuɗin gaba ɗaya

Kusan duk waɗannan tayoyi daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin canjin dala, kuma ya kamata a tambayi dila biyu ko uku a mako ɗaya. A lissafin a sa taya biyar, ba huɗu ba, da sababbin bawul, da kuɗin ɗauri, da balansin, da alaimen. Hanyar kwatanta farashi mai adalci ita ce a raba kuɗin taya da kilomitan da ake sa ran za ta yi: wadda ta fi tsada da rabi amma ta ninka ɗayar daɗewa, ita ce mai arha. Amma wanda ba ya yawan tafiya, shekaru za su kashe tayarsa kafin zane ya ƙare, don haka ba lallai ya sayi mafi tsada ba.

Gargaɗi: idan kuɗi bai kai ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a aksul ɗaya, kuma a baya ake sa sababbin. Wannan sassauci na mota irin Hilux ne da ake sa wa giyar ƙafa huɗu lokacin buƙata. Prado kuwa kullum ƙafafunta huɗu suna ja, kuma bambancin tsayi tsakanin tayoyi yana wahalar da giyar tsakiya, don haka a canza huɗun tare.

8. Tsaya a kan aikin ɗauri

Je wurin da ke da injin cire taya, domin guduma da ƙarfe suna lalata bakin taya da wilin alminiyam. A goge tsatsa da busasshiyar laka daga wili, a sa sabon bawul, a duba ko tayar tana da kibiyar da ke nuna inda za ta riƙa juyawa ko rubutun da ke nuna gefen waje. A yi balansin kowace ƙafa, saboda tayar A/T tana da nauyi kuma ƙaramin rashin daidaito yana sa sitiyari rawa. Kafin alaimen, bakanike ya duba boljoyin da tayarod da bushin, domin alaimen a kan kayan ƙafa da suka saki asarar kuɗi ce. A ɗaure notuna a gicciye da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da ke littafin mota, ba da tsalle a kan dogon bututu ba, sannan a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

9. Iska da juyin ƙafafu

Ana auna iska da safe kafin motar ta yi tafiya. Idan taya ta yi zafi geji yakan nuna ƙarin psi kaɗan, kuma wannan ba matsala ba ce, kada a sace iskar a tsakiyar tafiya. A riƙa dubawa da gejin kai duk mako biyu, har da safaya, tunda tayar LT tana iya rasa iska mai yawa ido bai gane ba.

A doguwar hanyar burji mai gargada, rage psi huɗu zuwa shida tare da rage gudu yana sauƙaƙa jijjiga da yankan duwatsu. A rairayi mai laushi ana sauka zuwa tsakanin psi 16 da 20, a tafi a hankali ba tare da karya sitiyari da ƙarfi ba, don kada tayar ta zame daga wili. Gargaɗin da ke nan babba ne: da zarar an hau kwalta a mayar da iskar, domin gudu da tauyayyiyar taya shi ne ke jawo fashewa. Saboda haka duk mai rage iska dole ya ajiye ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, tare da kayan toshe huda.

A juya ƙafafun duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, a shigar da safaya cikin juyin idan iri ɗaya ce da sauran, domin haƙoran A/T suna cinyewa a karkace idan sun daɗe a wuri ɗaya, kuma daga nan ƙugi ke farawa. A cikin ramukan zanen akwai ƙananan gadoji da ke nuna zurfin milimita 1.6, wanda shi ne ƙarshen rayuwar taya, amma A/T tana daina kama laka da jiƙaƙƙiyar kwalta tun kafin nan. Idan zanen ya sauka zuwa milimita 3 ko 4 kuma damina na gabatowa, lokacin komawa mataki na farko da sabuwar takarda ya yi.